Yatsan Baba Ribas

Ranar da na fara aiki a kamfanin sufurin nan, na ɗauka mai shara ne. Wani dattijo siriri na gani a gindin katangar yadi, wato filin da ake ajiye motoci, sanye da rigar aiki da ta koɗe, yana shan shayi a murfin filas. Na ajiye jakata kusa da shi, na ce ya duba mini ita in shiga ofis in fito. Ya ce to. Da na fito na tarar direbobin da ke zaune a rumfa suna dariya har da riƙe ciki. Ɗaya ya ce, "Mai Bas, ka san wa ka ba gadin jaka kuwa? Baba Ribas ne fa!" Ban san wane ne Baba Ribas ba, kuma a lokacin ban damu in sani ba.

Mai Bas suka laƙaba mini saboda shekara goma sha ɗaya na yi ina jan bas a cikin gari kafin in yi lasin babbar mota. Ina ji da kaina, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya saba kutsa bas tsakanin babura da masu tura baro, me kuma za a nuna masa a tuƙi? Kamfanin kuwa ba ƙarami ba ne. Tireloli sun haura ɗari huɗu, duk launi ɗaya, kowacce da lambarta a goshi. Ba kai kake zaɓen mota ba, ba kai kake zaɓen hanya ba. Da safe a miƙo maka takarda: ga lodinka, ga hanyar da za ka bi, ga ƙarfen da za ka isa. Mota ba ta tashi sai ka zura katinka mai hoto. A saman gilashi akwai kyamara mai ido biyu, ɗaya yana kallon titi, ɗaya yana kallonka, ko hamma ka yi an gani. A bene kuma wata Hajiya mai lura da zirga-zirgar motoci tana zaune gaban allon kwamfuta, tana ganin inda kowace mota take. In ka kauce hanya, wayarka za ta yi ƙara kafin ka sauke numfashi. Sabon direba wata uku yake yi na gwaji, kuma a cikin wata ukun nan ko fentin mota ka ƙwarzane, ka ajiye kati ka kama gabanka.

Duk da wannan takura, rububin aikin ake yi. Ni kaina shekara biyu na yi ina kai takarda kafin a kira ni. Matata ta riga ta gaya wa danginta kaf cewa mijinta ya zama direban kamfani. Mahaifiyata kuma, wadda ƙafa ta daɗe tana damunta, ta fara ganin likita da katin asibitin da kamfani yake ba iyalan ma'aikata, har ta fara taka ƙafar zuwa ƙofar gida. In na rasa aikin, katin ya tafi.

Labarin Baba a rumfar direbobi na tsince shi, guntu-guntu. Shekara ashirin da takwas ya yi a kan doguwar hanya. Ya fara tun zamanin da sitiyari ba ya juyuwa sai ka ɗan miƙe ka sa ƙarfin kafaɗa. Har yau hannun da ya saba jinginawa a taga ya fi ɗayan baƙi. 'Ya'yansa shida, kuma shi da bakinsa ya gaya mini daga baya cewa bai ga ranar da ko ɗaya cikinsu ya fara tafiya ba. Ya bar yaro yana rarrafe, ya dawo ya tarar yana gudu, gudun ma na ɓuya bayan uwarsa ne don bai san baƙon ba. Da ya faɗi haka bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Shekara biyar da suka wuce likitan kamfani ya gano yana da ciwon suga, ya rubuta cewa kada ya sake hawa titi da babbar mota. Baba bai yi gardama ba. Sai aka bar shi a yadi, shi ke jera tireloli: ya ja wannan ya kai wurin lodi, ya mayar da waccan layinta, daga safe har yamma, kusan duk da baya. A nan sunan ya samo asali. Matasan direbobi sukan tsokane shi, su ce Goggo, wato matarsa, ta rantse ko ɗaki da baya yake shiga. Shi kuwa sai ya ce, "Ku dai ku tambaye ta ko na taɓa buge ƙofa." Na sha ganinsa yana zura tirela tsakanin wasu biyu a tafiya ɗaya, ba gyara, ba leƙe. Amma ni a raina cewa nake yi yadi ne, fili ne, kowa ma in ya yi shekara biyar yana abu ɗaya ai zai iya.

Saura kwana tara gwajina ya ƙare aka ba ni kwantena cike da tayil, tan talatin, in kai wani sito a ɗaya gefen gari kafin ƙarfe biyu. Wajen sha ɗaya da rabi na tarar da babban titi a cushe, wata motar siminti ta mutu a tsakiyar gada. Muka yi minti arba'in ba wanda ya motsa. Ina duba agogo, ina duba gefen dama, sai ga wani lungu da na sani kamar tsakar gidanmu. Sau ɗari na yanke ta nan da bas in na ga cunkoso. Lungun ya shiga unguwa, ya sha kwana sau biyu, ya fito bayan gadar. Ban yi tunani ba, hannuna ne kawai ya juya. Jikina bas ya tuna, ya manta abin da nake ja ya yi bas biyu tsawo.

Kwanar farko na sha ta da kyar. Ta biyu sai da tayoyin baya suka lashi bakin kwata. Na ce shi ke nan, an wuce wurin. Ina ɗaga kai sai na ga abin da babu shi a zamanina: an gicciya ƙarfe a saman bakin lungun don hana manyan motoci. Bas zai wuce ta ƙasa, kwantena kuwa ko kusa.

Na sa ribas. Duk wanda bai taɓa jan tirela ba ba zai gane ba: in kana son wutsiya ta yi hagu, dama za ka juya, in kuma ka wuce kima kaɗan sai kai da bodi su naɗe. A makarantar tuƙi na yi, a fili, tsakanin robobin alama. A nan bangon gidajen mutane ne hagu da dama. Na gwada sau uku, kowanne ya fi na baya muni. A na ukun mota ta karkace, kusurwar kwantena ta tsaya dab da bangon wani shago. Mai shagon tela ne, ya fito da tef a wuya, ya auna tsakanin ƙarfen da bangonsa a gaban jama'a, ya ce da ƙarfi, "Inci huɗu! Malam, in ka ƙara motsi ɗaya, ni da kekena muna ciki."

Sai waya. Hajiya ce.

"Lamba ɗari biyu da sha huɗu, me kake nema a cikin unguwa?"

"Hajiya, wallahi cunkoso ne, na ga lokaci yana…"

"Ka taɓa wani abu?"

"Ban taɓa ba."

"To kashe mota, kada ka sake motsa ta. Ni dai dole in rubuta ka kauce hanya, wannan ba yadda zan yi. In ka goge bango, ko aka kai ga kiran motar janwe, ba sai manaja ya gan ka ba, ka san sauran. Zauna nan."

Na zauna. Mutanen unguwa suka taru, kowa da shawararsa. Wani ya ce a sauke tayil ɗin da hannu, wani ya ce a yanke ƙarfen, wata tsohuwa ta ce ita dai a matsar mata da wannan bala'i, ta kasa fitar da akuyarta. Fuskar mahaifiyata kawai nake gani, da yadda zan shiga gida in ce mata an karɓe katin asibiti.

Bayan kamar rabin sa'a sai ga babur ɗin haya ya tsaya a baya, Baba Ribas ya sauko, da rigar nan tasa da ta koɗe. Ashe Hajiya ce ta aika masa a asirce, ba da sanin manaja ba. Na diro da sauri na buɗe masa ƙofa.

"Baba, ga ta, don Allah ka hau."

"In hau ina? Katinka ne a ciki, ido kuma yana kallon kujera. Ni an hana ni titi. In na zauna a nan, ni da kai duk mun tafi. Kai ka shigo da ita, kai za ka fitar da ita."

"Baba, ban iya ba." Wannan ne karon farko da na faɗi kalmar nan a kan mota tun da na fara riƙe sitiyari.

"Na gani," in ji shi.

Ya karɓi alli a hannun tela, ya bi lungun da ƙafa tun daga wutsiyar mota har bakin babban titi, yana ƙirga taku, leɓensa yana motsi. Ya dawo, ya sake komawa. A wasu wuraren ya durƙusa ya ja layi a ƙasa. Ya taka murfin kwata da ƙafa ya ji ko zai ɗauki nauyi. A kwana ta biyu ya daɗe tsaye gaban wata falwayar lantarki yana kallonta, ya dafa ta, ya auna daga gindinta zuwa bango da tafin ƙafa. Ya roƙi mata su shigar da robobin wanki, ya sa aka ture wata ƙaramar mota, ya samo mutum biyu da doguwar gora su riƙa ɗaga wayar lantarki in kwantena ta zo wucewa. Da ladabi yake magana, amma ban ga wanda ya yi masa musu ba. Shi kuwa tela, Baba ya ajiye shi a wutsiya, ya ce aikinsa ɗaya, kada kowa ya gitta.

Sannan ya zo gindin tagata.

"Naɗe madubanka."

"Baba, da me zan ga baya?"

"In ka bar su a buɗe bango zai cire maka su. Kuma ba kai za ka gani ba, ni zan gani. Kai ga abin kallonka." Ya ɗaga yatsa ɗaya. "In ya yi nan, juya nan, kamu ɗaya kawai. In ya ƙara, ka ƙara. In na dunƙule hannu, birki. Totur kada ka taɓa shi, bar ta ta tafi da kanta. Za ka ji mutane suna ihu, ba da kai suke ba. Za ka ji zuciyarka tana ce maka tsohon nan ya yi kuskure, ita ma ba da kai take ba. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

Na yi tsammanin baya zai koma, inda masu nuna hanya suke tsayawa. Sai ya je gaban mota ya tsaya, yana fuskantata ta gilashi. Da farko ya ja ni gaba kamar taku uku, mota ta miƙe, na ji tela yana hamdala. Sannan ya yi mini alamar ribas.

Abin da ya biyo baya, har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Mota tana ja da baya a hankali, shi yana biyo ta, taku ɗaya bayan ɗaya, yatsa a sama. Ba ya kallona ma sosai. Yakan matsa hagu ya kalli gefen kwantena, ya matsa dama, wani lokaci ya sunkuya ya leƙa ta ƙarƙashin mota ya ga inda tayoyin baya suke da layin allinsa. Daga inda yake ba ya ganin wutsiya, mita goma sha shida ne tsakaninsu, amma ya san inda take kamar a jikinsa take. Yatsa ya karkata, in juya, sai can bayan daƙiƙa biyar in ji bodi ya bi. Tun kafin kuskure ya faru ya riga ya gyara shi. Surutun unguwa ya mutu. Mata sun tsaya a ƙofofi da ludayi a hannu. Na ji wata tana cewa, "Ikon Allah, ku duba, da yatsa yake tura ta." Kuma wallahi haka abin yake a ido: dattijo da iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa, ga tan talatin da ɗoriya tana ja da baya a gabansa.

A kwana ta biyu, inda falwayar nan take, yatsa ya nuna dama. Na juya. Ya ƙara. Na ƙara. Ya sake ƙarawa. Duk jikina ya ce a'a. Shekara goma sha ɗaya na tuƙi suka taso mini, suna cewa wannan juyin kai tsaye cikin falwaya zai kai ni. Daga baya tela ya manta aikinsa ya fara kururuwa, "Za ta taɓa! Za ta taɓa!" Jama'a suka ɗauka. Ƙafata ta tashi da kanta ta nufi birki, hannuna ya kai rabin hanya zuwa madubi. Na kalli Baba. Fuskarsa ba ta canza ba, yatsan yana nan inda yake, ko rawa bai yi ba. Na mayar da hannuna kan sitiyari, na cije leɓe, na ƙara juyin. Ina jiran ƙarar ƙarfe. Ba ta zo ba. Sai ihu ya koma wani iri, har da tafi. Tela ya gaya mini daga baya cewa ya auna, inci ɗaya da rabi ne, kuma ya ce zai ba jikokinsa labari.

Sau biyu kawai Baba ya dunƙule hannu don kansa. Na farko ya sha ruwan da wata mata ta miƙo masa. Na biyu ya ciro alewa daga aljihu ya jefa a baki, sai a lokacin na lura rigarsa ta jiƙe sharkaf, na tuna mutumin nan mai ciwon suga ne kuma tun azahar yake cikin rana. Kunya ta kama ni, amma ba halin magana, yatsa ya riga ya koma sama.

Sa'a biyu da minti goma muka yi a lungun da bai kai mita ɗari huɗu ba. Da wutsiya ta leƙa babban titi, cunkoso ya riga ya watse, mutanen unguwa suka tare motoci da hannu har na fito gaba ɗaya na miƙe. Na ja birkin hannu na sauko. Baba yana zaune a bakin kwalbati, yana share gumi da hannun riga. Na durƙusa a gabansa, hawaye suna zuba.

"Tashi, kada ka tara mana jama'a," in ji shi. "Buɗe madubanka ka kai wa mutane kayansu. Ka yi latti."

Washegari aka kira mu ofishin manaja, ni da shi. Katina yana kan tebur, an riga an karɓe shi a bakin ƙofa. Manaja ya juyo mana da allon kwamfutarsa, ga hoton da kyamara ta ɗauka: Baba ta cikin gilashi, yana tafe da yatsa a sama. Ya ce jiya ya zauna ya kalle shi tun daga farko har ƙarshe, bai tsallake ko minti ɗaya ba, har shayinsa ya huce. Sannan ya ɗauko wata takarda a ambulan ya miƙa wa Baba da hannu biyu, yana kawar da ido. Takardar gargaɗi ce, saboda ya bar yadi a lokacin aiki ba tare da izini ba. Ya ce doka ce, ba shi da ikon hana ta. Shekara talatin da uku Baba yana kamfanin, ba a taɓa rubuta masa irinta ba.

"Saura wannan," in ji manaja, ya nuna ni da biro. "Ya kauce hanya, ya kai kaya a makare. Bai fasa komai ba, shi ya sa nake tambaya. Baba, kai ne babba a nan. Ya iya mota?"

"Bai iya ba, yallaɓai."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na sunkuyar da kai.

"Amma ka ce ka kalli hoton," in ji Baba. "Ka kalli ɗaya idon, wanda yake kallonsa? A wurin falwayar nan mutum hamsin suna ce masa tsaya, ransa ma yana ce masa tsaya. Na ga hannunsa ya tafi madubi ya dawo. Ni na koya wa direbobi da yawa baya a yadin nan, kuma waɗanda suka fi shi hannu sun fi a ƙirga. Amma a wurin nan, goma cikin goma birki za su taka, in suka taka kuma mota ta zauna ke nan sai janwe. Hannu ana koyar da shi, yallaɓai, wata biyu ya isa. Wancan ɗin ne ban san yadda ake koyar da shi ba."

Manaja ya juya biro a hannunsa. Can ya sa yatsa a kan katin ya turo shi gabana. Ya ce an ƙara mini wata uku na gwaji, kuma kullum kafin in fita zan yi sa'a ɗaya a yadi a hannun Baba. Na ɗauki katin da hannu biyu, na yi godiyar da ban san me na faɗa a cikinta ba.

A kan matakala Baba ya tsaya, ya lalube aljihunsa, ya ce ya bar tabarau a ɗakin canza kaya. Ya miƙo mini ambulan ɗin ya ce in karanta masa. Na buɗe. Layi biyar ne kacal. An rubuta ranar, an rubuta ƙarfen da ya fita da ƙarfen da ya dawo, an ce in ya sake za a ɗauki mataki. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Ni na jawo maka."

Ya karɓi takardar, ya ninke ta huɗu a tsanake, ya sa a aljihun gaba ya danna maɓalli.

"Ai ba su yi ƙarya ba, na fita," in ji shi. "Kada dai Goggonku ta ji, ita take tsammanin ba na laifi."

Ya sauka ya nufi yadi, tireloli bakwai suna jiransa a bakin wurin lodi.